Isaac Newton: Marayan da ya auna ƙarfin karo

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke Ingila ranar 25 ga Disamba, 1642, bisa tsohuwar kalandar ƙasar. Mahaifinsa manomi ne, ya kuma rasu wata uku kafin haihuwarsa. Yana da shekara uku mahaifiyarsa ta sake aure, ta bar shi a hannun kakarsa. Da ya tasa, ta cire shi daga makaranta domin ya kula da gona, amma noma bai karɓe shi ba, sai aka mayar da shi karatu. A 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Cambridge.

A 1665 annoba ta sa aka rufe jami'ar, ya koma gida. A wannan zaman kaɗaicin ne ya shimfiɗa tubalin lissafinsa da bincikensa kan haske da motsi. A 1669 ya zama farfesan lissafi. Sai dai mutum ne mai ɓoye aikinsa, mai tsananin gudun suka. Masanin taurari Edmond Halley ne ya lallashe shi, ya kuma biya kuɗin buga littafinsa Principia a 1687.

A cikin littafin ne ya kafa dokokin motsi guda uku. Ta biyu ta ginu a kan abin da ya kira adadin motsi, wato nauyin abu sau gudunsa. Ma'anarta ita ce, wannan adadi yana sauyawa ne gwargwadon ƙarfin da aka ɗora wa abu da tsawon lokacin da aka ɗora shi. Don haka idan an san yawan sauyin, aka raba shi da lokaci, za a sami matsakaicin ƙarfin.

Ga misali, fasinja mai kilo 70 a motar da ke gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a sa'a, adadin motsinsa 1,400 ne. Idan karo ya tsayar da shi cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, jikinsa zai sha ƙarfin newton 14,000, kimanin nauyinsa sau ashirin. Idan tsayawar ta kai rabin daƙiƙa, ƙarfin zai sauko zuwa 2,800. Wannan ne dalilin ɗamarar kujera da hular kwano da jakar iska: ba sa rage gudun da aka taho da shi, lokacin tsayawa suke tsawaitawa, duka ya yi sauƙi. Ma'aunin ƙarfin kansa sunan Newton aka sa masa.

Daga 1696 ya koma Landan aikin gidan buga kuɗi na masarauta, inda ya yi ta farautar masu jabun kuɗi. Ya shugabanci ƙungiyar masana ta Royal Society daga 1703, Sarauniya Anne kuma ta ba shi lambar girma ta Sir a 1705. Ya yi doguwar takaddama da Robert Hooke, da kuma Gottfried Leibniz na Jamus kan wanda ya riga wani gano ilimi.

Bai taɓa aure ba. Ya mutu a watan Maris na 1727 yana da shekara 84, aka binne shi a Westminster Abbey. Har yau da lissafinsa injiniyoyi ke gwada mota kafin a sa ta kasuwa.