Wilt Chamberlain, Gwarzon Makarantar Overbrook

An haifi Wilt Chamberlain a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka a shekarar 1936. Tun yana ƙarami ciwon huhu ya kwantar da shi, har ya rasa karatun shekara guda. Lokacin da ya shiga sakandaren Overbrook tsawonsa ya haura mita 2, ya kuwa zama jigon ƙungiyar ƙwallon kwando ta makarantar.

A 1953 sun kai wasan ƙarshe na gasar birnin, amma makarantar West Catholic ta sa 'yan wasa huɗu suka tsare shi, Overbrook ta sha kaye. Bai karaya ba. Makarantarsa ta ɗauki kofin a 1954 da 1955, har ya taɓa cin maki 90 a wasa ɗaya.

Da ya shiga babbar gasar NBA, ya ci maki 100 a wasa guda a 1962. Duk da haka kofin gasar bai zo hannunsa ba sai 1967, bayan ya rage jefa ƙwallo da kansa, ya riƙa miƙa wa abokan wasansa. Ya sake ɗaukarsa a 1972, ya rasu a 1999.

Ɗalibai, ku tuna, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.