Iliya Metchnikoff: Malamin dabbobin da ya gano sojojin da ke cikin jininmu

Duk wanda ƙaya ta taɓa soka a ƙafa ya san abin da ke biyo baya: wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, bayan kwana biyu ya tara mugunya. Har zuwa wajen 1880 manyan likitocin Turai kallon ɓarna kawai suke yi wa wannan kumburi, wasu ma na ganin fararen ƙwayoyin jinin da ke taruwa a miki su ne ke kwasar cuta suna yaɗa ta. Wanda ya juya wannan fahimta ba likita ba ne, malamin nazarin dabbobi ne, kuma baƙo ne a ƙasar da ya yi suna. Sunansa Iliya Metchnikoff, Faransawa kuwa Élie suke ce masa.

An haife shi a watan Mayun 1845 a wani ƙauye kusa da Kharkiv, a lokacin ƙarƙashin daular Rasha, yau kuma cikin Yukren. Shi ne auta. Mahaifinsa hafsan soja ne, amma mahaifiyarsa Emilia ce ta karkata shi zuwa ga ilimin halittu. Kaifin ƙwaƙwalwarsa ba a magana: karatun shekara huɗu a Jami'ar Kharkiv ya cinye shi cikin shekara biyu, ya fita yana ɗan shekara 19. Daga nan ya wuce Jamus da Italiya yana bin ƙananan halittun ruwa. A 1865 ya lura cewa akwai wata irin tsutsa da ƙwayoyin jikinta ke haɗiye abinci su narkar da shi a cikinsu. A riƙe wannan, domin shi ne tushen duk abin da ya zo daga baya. Yana da shekara 22 ya fara koyarwa a jami'ar Odesa, a 1870 kuma ya zama farfesa.

Rayuwarsa ta gida ba ta zo da sauƙi ba. Matarsa ta fari, Ludmila, tarin fuka ya ci ta har sai da aka ɗauke ta a kujera zuwa wurin ɗaurin aure, ta rasu a 1873. Baƙin ciki ya sa ya yi yunƙurin halaka kansa, amma da sauran shan ruwa. Ya sake aure a 1875, ya auri Olga, wadda ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa, ita ce ma ta rubuta tarihinsa. Bayan kisan sarkin Rasha Alexander na Biyu a 1881 gwamnati ta matsa wa jami'o'i, shi kuwa mutum ne mai zafin rai, sai ya ajiye aiki a 1882 ya kwashi iyali zuwa Messina, a tsibirin Sisili na Italiya, ya mai da ɗakin gidan haya wurin bincike.

A nan ne abin ya faru. Akwai wata halittar teku mai siffar tauraro, wadda 'ya'yanta ke da jiki garau kamar gilashi, ana iya ganin cikinsu da madubin ƙara girma suna raye. Metchnikoff ya daɗe yana kallon wasu ƙwayoyi da ke yawo a jikinsu, yana ɗaukar aikinsu narkar da abinci ne. Rannan iyalinsa sun tafi kallon wasa, ya rage shi kaɗai, sai tunani ya zo masa cewa wataƙila waɗannan ƙwayoyi masu gadi ne. Idan haka ne, to duk baƙon abu da ya shiga jikin halittar za su yi masa taron dangi. Ya shiga lambu ya tsinko ƙayoyin fure, ya soka wa 'ya'yan tauraron. Da gari ya waye ya tarar ƙwayoyin sun kewaye ƙayar, daidai yadda mugunya ke taruwa a yatsan mutum.

Abin lura shi ne wannan halitta ba ta da jijiyoyin jini irin namu. Ke nan kumburi ba ɓacin jini ba ne, faɗa ne tsakanin jiki da mai kutse, kuma daɗaɗɗen faɗa ne da har ƙananan halittu suka gada. Wani masani a Biyana, Carl Claus, ya taimaka aka raɗa wa ƙwayoyin suna daga Girkanci, fagosait, wato ƙwayoyi maciya. A 1884 Metchnikoff ya ƙara hujja da wani ɗan ƙwaron ruwa da naman gwari ke kamawa: in maciyan sun cinye ƙwayar cutar, ƙwaron ya rayu, in ta rinjaye su ya mutu. Wannan ita ce garkuwar da ake haihuwar mutum da ita, wadda ba ta jiran riga-kafi, ba ta kuma buƙatar ta taɓa ganin cuta kafin ta far mata. Mugunyar nan da muke ƙyama, akasarinta gawarwakin waɗannan sojoji ne.

Komawarsa gida ba ta yi armashi ba. A 1886 aka ba shi shugabancin sabuwar cibiyar binciken ƙwayoyin cuta a Odesa, inda ake riga-kafin cizon mahaukacin kare. Likitocin gari suka sa shi gaba, hujjarsu ita ce ba shi da takardar likitanci. Ana cikin haka wani riga-kafin dabbobi da ma'aikatan cibiyar suka yi ya kashe dubban tumaki. A 1888 ya tattara ya koma Faris, inda Louis Pasteur ya ba shi ɗakin bincike a sabuwar cibiyarsa. Mazauna Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ba sa buƙatar a yi musu bayanin mutumin da ya fi samun daraja a garin wasu fiye da nasa. Shekara 28 ya yi a Faris, bai sake komawa Rasha da zama ba.

Can ma bai huta ba. Masanan Jamus, ɓangaren Robert Koch, sun dage cewa ruwan jini ne ke kashe cuta, maciyan Metchnikoff kuwa 'yan kwashe shara ne kawai da ke zuwa bayan an gama yaƙi. Kuma suna da abin nunawa: a 1890 Emil von Behring da Kitasato ɗan Japan suka nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya yana kashe dafin cuta, daga nan aka samo maganin mashaƙo, cutar nan da ta addabi Kano a 2023. Ina ƙayar fure, ina maganin da ke ceton yara? Shekaru ya yi yana mayar da martani da gwaji bayan gwaji. Abin dariya, a ɗakin bincikensa ne ɗalibinsa Jules Bordet ya yi aikin da ya ƙara wa ɓangaren ruwan jini ƙarfi. A 1908 aka raba gardama, aka ba shi kyautar Nobel tare da Paul Ehrlich na ɓangaren Jamus. Gaskiyar ita ce kowa ya kama gefe guda ne na abu ɗaya.

Yana da ganganci, wannan kam ba a ɓoye shi. Lokacin annobar kwalara ta 1892 ya sha ruwa mai ƙwayar cutar don gwaji, bai kamu ba, amma wani da ya ba wa ya kai bakin kabari. Yau babu jami'ar da za ta yarda da irin wannan.

A ƙarshen rayuwarsa hankalinsa ya koma kan tsufa. Ya yi imanin cewa wasu ƙwayoyin cuta a hanji na fitar da guba da ke tsufar da mutum, kuma madara mai tsami na danne su. Ya kafa hujja da manoman Bulgeriya masu yawan shan kindirmo, shi kansa ya riƙa sha kullum, littafinsa na 1907 kuma ya sa Turawa rububin yogot. A nan fa ya zarce hujjarsa, don ba a tabbatar nono na ƙara tsawon rai ba. Sai dai tambayar da ya tayar, ta amfanin ƙwayoyin hanji, ana bincikenta har gobe, kuma tsamin da ke cikin ƙwaryar mai tallan nono a Orozo, kan hanyar Karshi, aikin dangin ƙwayoyin da ya yaba ne.

Ciwon zuciya ya kashe shi ranar 15 ga Yulin 1916 yana da shekara 71, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bisa wasiyyarsa aka ƙona gawarsa, aka ajiye tokar a ɗakin karatu na Cibiyar Pasteur. Bayan mutuwarsa fagen ya karkata ga ɓangaren Ehrlich na tsawon shekaru, aka ɗauki garkuwar haihuwa kamar ba ta da wani sirri. Sai a 1996 Jules Hoffmann ya gano a jikin ƙudan 'ya'yan itace yadda wannan garkuwa ke shaida mai kutse, a 1998 Bruce Beutler ya gano makamancin haka a jikin ɓera. A 2011 su biyun suka karɓi rabin kyautar Nobel ta likitanci a kan wannan aiki, shekara 103 bayan ta Metchnikoff.