Rene Laennec: Likitan da ya koya wa duniya sauraron ƙirji

Da zarar hunturu ya kama, asibitocin Bici da ƙauyukan da ke kewaye kan cika da iyaye ɗauke da yara masu tari. Ma'aikacin lafiya yakan ɗora na'urar da ke rataye a wuyansa a kan ƙirjin yaro, domin ya tantance ko mura ce kawai, ko kuwa namoniya ce ta kama huhu. Wanda ya ƙago wannan na'ura shi ne Rene Laennec, wani likita ɗan ƙasar Faransa.

An haife shi ranar 17 ga Fabrairun 1781 a garin Quimper da ke yammacin Faransa. Tun yana ƙarami tarin fuka ya yi ajalin mahaifiyarsa. Bayan haka sai aka tura shi birnin Nantes wurin baffansa Guillaume, wanda likita ne, inda ya fara koyon aikin. Daga baya ya wuce Paris, ya yi karatu a hannun Corvisart, likitan Napoleon, wanda ya shahara wajen ƙwanƙwasa ƙirjin majinyaci da yatsu don gane halin da ciki yake.

A zamanin, likitan da ke son jin bugun zuciya sai ya kara kunnensa a jikin maras lafiya. A 1816, shekarar da ya kama aiki a asibitin Necker na Paris, Laennec ya duba wata matashiya mai alamun ciwon zuciya. Kunya ta hana shi kara kunne a ƙirjinta, sai ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa. Sautin ya fito sarai fiye da yadda ya saba ji. Daga nan ya sassaƙa bututun katako, wanda shi ne kakan na'urar yau.

Babban aikinsa ya biyo baya. Ya shafe shekara uku yana sauraron ƙirjin majinyata yana rubutawa. Idan wani ya rasu, sai ya binciki huhunsa ya gwada da abin da kunnensa ya ji. Ta haka ya gano cewa huhun mai namoniya yakan ba da wata 'yar ƙara, wadda ya kwatanta da ta gishiri a kasko mai zafi. Dalili shi ne ƙananan jakunkunan iska na huhu sun fara cika da ruwa. Ita kuwa mura a hanci da maƙogwaro take tsayawa, ta bar huhu garau. Ya wallafa bincikensa a littafi mai juzu'i biyu a 1819.

Cutar da ta ɗauke mahaifiyarsa ce shi ma ta kama shi, kuma da na'urarsa wani ɗan'uwansa likita mai suna Meriadec ya saurari ƙirjinsa. Ya rasu ranar 13 ga Agustan 1826 yana da shekara 45, fiye da ƙarni guda kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Yau akwai magani, amma jinkirin ganewa na ci gaba da kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce namoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a 2019. Mura takan wuce cikin mako guda zuwa kwana goma, kuma ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Namoniya kuwa tana da alamun da uwa za ta iya gani ko babu na'ura. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana natse: sau 50 ko fiye ga ɗan wata biyu zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alama ce ta haɗari. Haka nan idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa yayin shaƙar iska, ko ya kasa kama nono. Wanda ya ga ɗaya daga ciki kada ya tsaya sayen maganin tari a kemis, ya garzaya da yaron asibiti a ranar.