Obafemi Awolowo: Zaɓen 1959 da mulkin da bai samu ba

An haifi Cif Obafemi Awolowo a Ikenne a 1909. Yana Firimiyan Jihar Yamma ya kawo ilimin firamare kyauta, amma mulkin tarayya yake hari. Domin zaɓen Disambar 1959 ya bar wa Akintola kujerarsa, ya karaɗe Arewa da jirgi mai saukar ungulu. Jam'iyyarsa ta AG ta zo ta uku, kujeru 73 cikin 312. NPC da NCNC suka kafa gwamnati, shi kuwa ya zama madugun adawa.

Kasadar ba ta yi masa rana ba: ya ɓata da Akintola, aka ɗaure shi a 1963, sai 1966 Gowon ya sake shi. Sau biyu Shagari ya kayar da shi. Ya rasu a 1987.