Hans Berger, Likitan Da Ya Fara Karanta Rubutun Ƙwaƙwalwa

Jama'a, yau ga tarihin wani likita Bajamushe, Hans Berger, wanda aikinsa ya amfani masu farfaɗiya ko'ina a duniya.

An haife shi ran 21 ga Mayu, 1873, kusa da garin Coburg. Yana saurayi ya shiga sojan doki. Wata rana doki ya ka da shi gaban keken igwa, saura ƙiris a take shi. A ranar nan hankalin 'yar'uwarsa da ke nesa ya tashi, har ta sa ubansu ya aika masa da talgiram. Abin ya tsaya masa a rai, ya ƙudura sai ya san yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Ya karanta likita a Jami'ar Jena, ya gama cikin 1897.

Cikin 1924 ya yi nasarar ɗaukar ɗan lantarkin da ƙwaƙwalwar mutum ke fitarwa, na'ura tana zana shi kamar igiyar ruwa. Wannan awo shi ake kira EEG. Ya lura idan mutum ya rufe ido ya natsu, igiyar takan kaɗa wajen sau 10 a daƙiƙa; da ya buɗe ido sai ta ƙanƙance, ta ƙara sauri. Bai buga sakamakon ba sai 1929, amma masana suka yi ta shakka, har 1934 da Edgar Adrian na Cambridge ya tabbatar da shi.

Daga nan fa ƙofa ta buɗe. Cikin 1935 likitoci a Boston ta Amurka suka ga wani irin farfaɗiya yana zana tsini da tudu sau 3 a daƙiƙa. Cikin 1936 Grey Walter a Ingila ya gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa ta wurin igiya mai nawa.

Berger yana da tabo: a zamanin Hitler ya zauna a kotun da ke yanke hukuncin hana masu wasu cututtuka haihuwa dole. Ya yi ritaya 1938, baƙin ciki ya kama shi, ya kashe kansa ran 1 ga Yuni, 1941.

To, 'yan'uwa mazauna Kudu, farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu, kuma tana da magani. Wanda ɗansa ke faɗuwa ya kai shi babban asibiti. Awon ba zafi, amma wani lokaci yakan fito lafiya alhali ciwon na nan, saboda haka wanda ya ga faɗuwar ya raka shi, ya yi wa likita bayani.