Amedeo Modigliani: Mai zanen da talauci ya raka shi kabari

An haifi Amedeo Modigliani a birnin Livorno na ƙasar Italiya ranar 12 ga Yuli, 1884. Tun yana matashi tarin fuka ya kama shi. A 1906 ya koma Paris, inda ya shahara da zana mutane masu dogon wuya da siririyar fuska, salon da ya tsinto daga sassaƙen Afirka.

A watan Disambar 1917 aka baje zane-zanensa a shagon Berthe Weill, baje kolinsa na kansa tilo a rayuwarsa. Tun ranar buɗewa 'yan sanda suka sa aka sauke zanen mata tsirara da ke ciki, bisa hujjar sun saɓa wa tarbiyya.

Talauci da giya da cuta suka yi masa taron dangi, har ya riƙa musayar zane da abinci. Ya mutu ranar 24 ga Janairu, 1920, yana da shekara 35. Bayan kwana biyu uwar 'yarsa, Jeanne Hébuterne, ta hallaka kanta da tsohon ciki.

A 2015 aka yi gwanjon wani zanensa na mace kwance tsirara a New York kan dala miliyan 170.