Marigayi Baba Yara, Sarkin 'Yan Wasan Gefe Na Afirka Ta Yamma

An haifi Usman Saidu, wanda duniya ta fi sani da Baba Yara, a shekarar 1936 a birnin Kumasi na ƙasar Gana, garin da fataken goro Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinsa. Tun yana yaro ya fara neman abinci da sukuwar dawaki a filin tsere na Ankara, kafin ya koma ga ƙwallon ƙafa.

A shekarar 1955 ƙungiyar Asante Kotoko ta Kumasi ta ɗauke shi, ta ba shi gefen dama, wato lamba bakwai. A wannan shekara kuma aka kira shi ƙungiyar ƙasa, a lokacin ana kiran ƙasar Gwalkwas. Karawar da aka yi da Nijeriya a Ankara ita ta fito da sunansa, domin an lallasa 'yan wasanmu da ci 7 ba ko ɗaya, kuma biyu daga ciki shi ya jefa. Gudunsa da iya yankansa da yadda yake miƙa wa 'yan gaba ƙwallo su suka sa aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe. Da shi Kotoko ta ci gasar ƙasa a 1959.

Bayan samun mulkin kai, Shugaba Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin hanyar ɗaukaka sunan ƙasarsa. Saboda haka daraktan wasanni, Ohene Djan, ya kafa ƙungiyar Real Republicans, ya tsinto mata gwanaye daga sauran ƙungiyoyi. A 1961 aka raba Baba Yara da Kotoko aka kai shi can, abin da bai yi wa mutanen Kumasi daɗi ba.

Ranar 24 ga watan Maris, 1963, ƙungiyar tana komowa daga wasa a garin Kpandu, motarsu ta yi haɗari a Kpeve cikin jihar Volta. Baba Yara ya ji rauni a laka. Aka garzaya da shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, wanda ya shahara wajen jinyar irin wannan ciwo, amma ya komo gida bisa keken guragu. Shekarunsa 26 kacal. A ƙarshen wannan shekara Gana ta ci Kofin Afirka karo na farko a Ankara, ba tare da shi ba.

Ya yi shekara shida yana jinya. A tsakanin nan sojoji suka hamɓarar da Nkrumah a 1966, aka rushe ƙungiyar da aka ɗauko shi dominta. Allah ya yi masa rasuwa ranar 5 ga watan Mayu, 1969, a asibitin Korle Bu. Sai a 2004 aka sanya wa babban filin wasa na Kumasi sunansa.

Tarihinsa abin lura ne ga hukumomin wasanni da samarinmu masu sha'awar ƙwallo. Jarin ɗan wasa ƙafarsa ce, kuma tafiya guda tana iya raba shi da ita. Wajibi ne duk hukumar da ta mori ƙuruciyarsa ta yi masa tanadin ranar da tafi zai ƙare. Allah ya jiƙansa, amin.